Rijiyar da Ban Cike Ba a Gidan Jatau

Daga Ƙanƙara, zuwa ga ɗana Bishir.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen da suka ba ka masauki a Katsina. Allah ya tsare hanyar da ka bi, ya tsare wadda za ka biyo ka dawo, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, na ce mata wanda ya bar gida da rabin buhun ƙuli-ƙuli ba zai mutu da yunwa cikin sati biyu ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa, ga waya a aljihunka ga ta a nawa. Sau uku ina kiran ka don in faɗa maka abin da ke cikin takardar nan, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko an yi ruwa a can. Bakina ya kasa. Shi ya sa na ɗauko biro, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da diga.

Ga maganar, kada in ja ka da nisa. Ka tafi neman lasisin haƙa rijiya da sunanka. A fom ɗin da za ka cika akwai gurbin sunan mai lasisin da ka yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma sunana za ka rubuta, don shekarun da ka yi a hannuna su ne hujjarka. To sunan nan ba shi da tsabtar da kake zato. Akwai rijiya a wata gona a Gidan Jatau, can bayan Daudawa, zurfinta gaba goma sha huɗu, wadda na rubuta wa ofishin lasisi cewa na cike ta. Ban cike ta ba. Bakinta na rufe, na zuba ƙasa a sama. Yanzu mai gonar za ta koma noma da zarar ruwa ya sauka, ni kuma na kasa gane inda bakin yake. Kada ka sa hannu a fom ɗin nan sai ka karanta wannan har ƙarshe.

Zan faro daga baya, don ka ga ba rana ɗaya hannuna ya koyi irin wannan aiki ba.

A wurin Baba Nomau na Ƙetare na koyi haƙa. Ba ka riske shi ba. Gajeren tsoho ne mai faɗa, bai taɓa riƙe biro ba, amma idan ya tsaya a fili ya dubi inda ɓaure ya tsiro da inda gara ta yi suri, sai ya kafa diddige ya ce a sara nan, kuma da wuya a sara a banza. A hannunsa na tashi da raina takarda. Da aka fara cewa duk mai son aikin rijiyar jama'a sai ya nuna lasisi, dariya na yi. Na ce wanda bai taɓa shiga rami ya ga sama ta koma kamar faifai ba, shi zai ba ni izinin shiga? Sai na bi hanyar da da yawanmu suka bi a lokacin. Na nemi wani mai lasisi, mutum mai fararen kaya da bai san nauyin diga ba, ya riƙa karɓo aiki da sunansa, ni ina haƙawa.

A haka na haƙa wata rijiya a 'Yargoje. Mai gidan ya nuna mini kusurwar da yake so, kusa da madafi. Na ga salga a bayan katangar maƙwabcinsa, taku kaɗan tsakani, kuma gangaren daga can yake zuwa nan. Da idona na gani. Amma na ce a raina, ai ba sunana ke jikin takardar ba. Ruwa ya fito garau, mai sanyi, har ana yi mini addu'a. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙudaje. Duk rijiyar da na sani tsuntsaye ke zuwa bakinta, wannan kuwa ƙudaje ne ke jeruwa a kai, ko an kore su ba sa tashi. Damina ɗaya aka yi gudawa ta shiga gidan, ta kwantar da su kusan duka. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Aka je neman mai sunan da ke takarda, ya ce shi ko hanyar garin bai sani ba. Ni kuwa na wuce ta ƙofar gidan a kan keke, ba wanda ya tare ni. A lokacin na ɗauka wayo na yi.

Saboda haka lasisinka ya zama naka, da hotonka a jiki. Kada ka yi aiki a inuwar takardar wani, kada kuma ka ara wa kowa taka, ko ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, ko da kuka ya zo. Na gwada na gani, ranar da ka san ba za a neme ka ba, idonka zai ga salga ya kau da kai. Karatun da suke zaunar da ku a kai kuma, na tazarar rijiya da salga da makwancin dabbobi, ka saurara da kyau. Kada ka koma layin baya kana latsa waya yadda ka saba yi mini.

Sai bayan wannan na je na nemi nawa. Na yi rajistar sunan sana'ata, na kai hotuna, na lissafa musu kayan aikina tun daga diga da shebur har abin zuba zoben kankare, na kai shaidar masu unguwannin da na yi wa aiki. Sannan aka zaunar da ni gaban wani injiniya mai farin gilashi. Ya ce, "Malam Haruna, idan ka haƙa ba ka sami ruwa ba, me za ka yi da ramin?" Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ai shi ne karatun hwarko. A maida mata ƙasarta." Ya yi murmushi ya rubuta. Ranar da na karɓi takardar na sa aka lulluɓe ta da leda, na sa a aljihun gaba, ina tafe ina taɓa ta. Mahaifiyarka ta ce ko sabon ango bai kai ni rawar kai ba.

Rawar kan nan ce ta kusa kashe ni a Sabuwa. An kira mu yashe wata tsohuwar rijiyar masallaci da ta daɗe a rufe. Ka san ƙa'ida, kafin mutum ya sauka sai an kunna fitila an zura ta har ƙasa. In ta kai tana ci, akwai iskar shaƙa. In ta mutu, ba mai shiga sai an wuni ana zura damin ganye ana fizgowa har iskar ta sake. Ranar an manta fitilar a gida. Mati, abokin aikina da ya yi shekaru yana riƙe mini igiya, ya ce mu jira a aro. Na ce masa mai lasisin gwamnati ba ya jiran fitilar aro. Rana tsaka ce, jama'a sun taru suna kallo, na sa ƙafa na sauka.

Ba wari, ba zafi, ba abin da zai ce maka ka koma. Daɗi ma na ji. Wajen gaba tara jikina ya yi laushi kamar na wanda ya ƙoshi da fura ya sami inuwa. Hayaniyar mutanen sama ta yi nisa. Sai na ji muryar Baba Nomau, wanda a lokacin ya shekara huɗu a kabari, daf da kunnena na hagu. Ba faɗa yake ba kamar yadda ya saba, a hankali yake magana. Ya ce, "Haruna, ka gaji. Zamna nan ka huta." Wallahi na fara laluben inda zan zauna. Mati ne ya ji igiyar ta yi wani irin nauyi, ya ƙwala ihu aka taru aka jawo ni. Na farka a kan tabarmar masallaci ana yayyafa mini ruwa. Likita ya ce gurɓatacciyar iska ce, ita ke sa kunne ya ji abin da babu. Na yarda da likita. Amma muryar nan na san ta, kuma tun ranar ƙirjina bai koma daidai ba.

Ku yanzu kuna da 'yar na'urar da ke ƙara idan iska ta ɓaci, kuma yawancin aikinka na burtsatse ne, inji ke shiga ba kai ba. Duk da haka za a kira ka yashe tsohuwar rijiya, don da ita aka san gidanmu. Ka gwada iska a kowace sauka, ko da safe kai ka fito daga ciki. In batirin na'urar ya mutu ka ari fitila, ba abin kunya ba ne. Kuma duk abin da ya kira sunanka a cikin rami, in dai ba daga sama muryar ta zo ba, kada ka amsa. Ka girgiza igiya a jawo ka.

Yanzu maganar sabuntawa. Lasisi yana da wa'adi, kuma kafin ya ƙare sai ka koma da rahoton duk ramin da ka buɗe: a ina, gaba nawa, wace irin ƙasa ka ratsa, an gwada ruwan ko ba a gwada ba. Akwai kuma shafi na ƙarshe, na ramukan da ba su ba da ruwa ba, inda za ka nuna ka cike su. Ni halina in bari sai saura 'yan kwanaki, sannan in zauna ina tuno aikin wata goma da ka. Kai ka sayi littafi, ka rubuta kowace rijiya a bakinta, tun ƙasarta na hannunka. Ka kai takardunka tun da sauran wata biyu. Mutumin da wa'adi ya matse yana iya rubuta abin da zai ji kunyar faɗa, kuma ni ne shaida.

Shekara uku ke nan, lokacin kana makaranta, wata dattijuwa, Inna Kande, ta sa aka kira ni Gidan Jatau. Ƙaramin ƙauye ne, asalinsu Maguzawa, yanzu wasu na masallaci wasu na coci, rafi ɗaya suke sha da dabbobinsu. Tana son rijiya a gonarta ta bakin gari, ta yi lambu, jama'a kuma su ɗiba. Ni da Mati muka kafa diga taku ashirin gabas da wata tsamiya. Kullum da hantsi ita da kanta take kawo mana kunu, ta tsuguna a bakin ramin ta leƙo ta ce, "Ɗiyana, da saura?" Muka ratsa jar ƙasa, muka ratsa marmara, muka shiga wata farar laka mai danshi har muka fara murna. A gaba goma sha huɗu diga ta yi tsalle a hannuna. Dutse ne shimfiɗe, baƙi, ba tsaga ko ɗaya. Kwana biyu muna sara bai ba mu komai ba. Rijiya ta mutu.

Ga yadda Baba Nomau ya koya mana a yi da matacciyar rijiya. Ya ce gawa ce, wanda ya buɗe ta shi zai binne ta, da ƙasar da ta fito daga cikinta, ana zubawa ana daɓewa har ta yi tozo. Kafin shebur na farko kuma, wanda ya haƙa ta zai durƙusa a baki ya yi kira sau uku, "Akwai mai rai?" yana saurarawa bayan kowane kira. Don akuya takan faɗa, kaza takan faɗa, wani lokaci abin da ya fi su. Cike rami irin wannan aikin kwana huɗu ne ga mutum biyu.

Kwana huɗun ne ba mu da su, ko in ce na ga kamar ba mu da su. A cikin makon ne 'yan bindiga suka matso dajin. Mutanen ƙauyukan gaba suna ta ratsa gonaki da kaya a ka, ko gaisuwa ba sa tsayawa yi. Mutanen Gidan Jatau ma suka fara ɗaure kaya. Muka bar ramin a buɗe, muka koma Daudawa kwana biyu muna sauraro. A nan na tuna lasisina saura kwana biyar ya mutu, ga aikin wata ƙungiya na jira, wanda ba za a ba mai matacciyar takarda ba. Ramin kuma yana cikin takardun ofis, don na sanar da su tun ranar da muka fara. Na kira injiniyan. Ya ce ba sa iya shigowa yankinmu duba aiki saboda halin da ake ciki, in ɗauki hoton duk ramin da na cike in haɗa da rahoto. Ka lura da wannan, Bishir. Mutumin nan bai cuce ni ba, bai nemi komai a hannuna ba. Yarda ya yi da ni.

Muka koma rana ta uku da hantsi. Gari ya watse, ba kowa sai kaji da wani kare da ke bin mu daga nesa. Ƙofofi a buɗe, turmi a tsakar gida da taɓarya a ciki. Can yamma da mu ana jin harbi jefi-jefi. Na ce wa Mati ba za mu cike ba, rufewa za mu yi, in ƙura ta lafa mu dawo. Muka ciro katako huɗu daga wata rumfa, da tsofaffin kwanon rufi biyu. Mati ya ce, "Tau, ko ba mu cikewa, ka yi kiran dai."

Na durƙusa na ce, "Akwai mai rai?" Muryata ta je ta dawo yadda ta saba. Na sake, ta sake dawowa. Na yi na uku, ta dawo, na dafa ƙasa zan tashi. Sai aka yi tari.

Sau ɗaya, daga can ƙasa. Ba irin na akuya ba. Irin tarin da mutum ke yi a ƙofar ɗaki don a san yana nan.

Na dubi Mati, Mati ya dube ni. Na haska tocila, haskenta bai kai ƙasa ba. Muka kunna fitila muka zura. A gaba goma harshen wutar ya yi shuɗi, ya kwanta, ya mutu. Muka sake, ta sake mutuwa a daidai wurin. Na ce wa Mati, ka gani, inda wuta ba ta rayu ba ba abin da zai rayu, ɓangaren ƙasa ne ya rufta. Na yi ta kira har muryata ta dishe, ba a ƙara motsi ba. Harbin kuwa ya matso. Muka jera katako, muka ɗora kwano, muka zuba ƙasa kamar kamu biyu a kai. Na zagaya ta inda tulin ƙasar da muka fitar ba zai fito ba, na ɗauki hoto mai kyau, da tsamiyar a baya. Kwana uku bayan haka aka buga mini hatimin sabunta lasisi.

Daga baya na bincika a Faskari, inda mutanen Gidan Jatau suka fake. Ba su rasa kowa ba, ko akuya. Amma mutanen da suka yi ta ratsa gonaki a kwana biyun nan, daga garuruwan da ko sunansu ban sani ba, wa ya san adadinsu? Na ce ƙasa ce ta rufta, kuma mai yiwuwa ita ce. Ban sani ba, Bishir, har yau ban sani ba. Mati ya rasu bara bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai tun ranar bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da ni ba.

Kada ka taɓa rufe abin da ya kamata ka cike. In ba za ka iya cikewa ba, ka bar shi a buɗe kowa ya gan shi, ka kewaye shi da ƙaya, ka rubuta gaskiya, lasisin ya mutu in zai mutu. Da na yi haka, da wata biyu ko uku kawai zan zauna ba aiki.

Na ce zan koma, na yi ta cewa. Shekarar farko hanya ba ta biyuwa. Ta biyu aiki ya yi yawa, kuma in faɗi gaskiya tsoro nake ji. Sai bana da rani, da na ji mutane sun fara komawa, na hau babur na je ni kaɗai. An sare tsamiyar an yi gawayi, ba ita kaɗai ba, duk itatuwan bakin garin, kututture ya fi goma kuma duk kamarsu ɗaya. Tulin ƙasar kuwa waɗanda suka fara komawa sun kwashe sun gyara katangu. Gona ta zama fili ɗaya, busasshiyar ciyawa har gwiwa. Na tsaya a gefe da sandata na kasa jefa ƙafa. Ni da na shekara talatin da wani abu ina shiga cikin ƙasa, yau ga ni ina tsoron taka ta. Na juyo gida.

Tun ranar ba na taka wuri sai na fara dungura sanda. Kai da 'yan'uwanka kuna cewa tsufa ne. Ko a sahun masallaci, in na yi sujada, sai in ji kamar akwai fili a ƙarƙashin goshina, kuma akwai mai jiran in gama.

Ranar kasuwar da ta wuce ina rumfar masu igiya aka dafa ni ta baya. Inna Kande ce, ta rame, amma bakin nan nata yana nan. Ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, wai mun sha wahala a gonarta, har mun tsaya cike rami ana harbi. Ta ce, "Mun koma gida, ɗana. Bana da ruwan shibka za a sa mani shanun huɗa, in ga dawa a gonar nan kahin in mutu." Sannan ta rage murya. "Sai dai wani abu. Awakina ba su ratsa tsakiyar gonar. In sun zo wani wuri sai su rabu biyu su kewaye su haɗe a gaba, kamar akwai mutum zamne. Na je kusa na duba, ba komi. Amma da rana tsaka in ka tsaya wajen, sanyi kake ji a ƙahwa. Mi ke kawo haka, kai da ka san ƙasa?"

Ga kuskurena na ƙarshe, kwanansa biyar kacal. Na buɗe baki na ce mata wataƙila gidan tururuwa ne. Na ce Allah ya ba da damina mai albarka. Ta ce amin, ta tafi tana dogara sanda. Na tsaya a wurin ina hango shanun huɗa biyu da garma da mai riƙe ta, a kan katakon da gara ta shekara uku tana ci.

Washegari na aika saƙo wurin mai unguwarsu ta hannun wani mai babur, cewa kada a shiga gonar sai na zo. Ban san ko ya isa ba, waya ba ta shiga garin. Ko ya isa ma, manomin da ya shekara uku bai ga gonarsa ba, in ruwa ya sauka ba saƙon wani tsoho zai tsayar da shi ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas, jiya har an yi iska mai ƙamshin ƙasa.

A cikin ambulan nan akwai takarda ta biyu da sa hannuna. Na rubuta wa injiniyan duk abin da na rubuta maka, ko tarin ban rage ba. Ka kai masa ita kafin ka miƙa fom ɗinka. Na san abin da nake ɗora maka. Za su iya soke lasisina, wannan bai dame ni ba, ni na gama. Amma za su iya cewa shekarun da ka yi a hannun mai rahoton ƙarya ba hujja ba ne, ka koma ka fara a ƙarƙashin wani. Na ga yadda ka goge takalmi ranar tafiyarka, kuma zuciyata tana ciwo in na tuna. Ina jin kunyarka, irin kunyar da ban taɓa zaton uba zai ji ta ɗansa ba. Da na yi shiru da ka karɓi takardarka lafiya lau, ba mai sani. Amma da ka fara sana'a kana tsaye a kan ramin nan, kuma ba zan ba ka wannan gado ba. In ka yi fushi da ni kana da gaskiya, sai dai ka yi fushin a hanya kana tahowa.

Ka taho da dogon rodi, da sabuwar igiya mai kauri, da na'urarka ta iska, da maza huɗu masu ƙarfi. Kada ka zauna cin abinci a gida, mahaifiyarka za ta riƙe ka, ka ɗauke ni mu wuce. Zan fara zuwa wurin Inna Kande in faɗa mata da bakina a gaban mai unguwa, sannan mu roƙe ta ta saki awakin mu ga inda za su rabu. In mun buɗe, sai iska ta gyaru a sauka a ga abin da ke ƙasa. In ƙasa ce, alhamdu lillahi. In ba ita ba ce, mutum ne, a fito da shi a yi masa sutura, a nemi danginsa, ni kuma in amsa duk abin da hukuma za ta tambaya. Bayan nan mu cike ta, shebur bayan shebur, ko ƙirjin nan zai fashe.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi mini gardama a kai ba. Awaki za su nuna mana wajen, ba za su nuna mana bakin ba. Dole wani ya shiga ciyawar nan yana soka rodi. Ba kai za ka shiga ba, ba kuma ɗan wani ba. Za ka ɗaura mini igiyar a ƙugu, ka tsaya a bakin gona ka riƙe, ni in yi gaba. Na rame yanzu, ba zan yi maka nauyi ba.

Allah ya kawo ka lafiya kafin ruwa, ya tsare ka daga Katsina har ƙofar gidan nan, ya tsare duk ƙafar da za ta bi ta gonar nan kafin mu isa. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ni.

Mahaifinka,
Haruna Mai Rijiya